Idan Mai Riƙe da Makullin Magani Shi ne Ya Kamu

Gaisuwa ga direbobin da ke jiran takarda a bodar Paga, da 'yan albasa da suka taso daga Galmi, da dillalan shanu na Kaase, da iyayenmu mata masu sayar da fura da nono. Yau daga Zangon Kumasi nake muku magana, kuma maganar ba mai daɗi ba ce.

A kowace unguwa ta zango, ko Aboabo ce ko Asawase ko Sawaba ko Yalwa, akwai mutum guda da kowa ke kira Dokta. Sau da yawa ba likita ba ne, nas ne, ko ma'aikacin ɗakin magani, ko mai kemis. Amma shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare in yaro ya yi zafi. Kai baƙo da ka sauko da shanu daga arewa, ba ka jin Turanci ba ka jin Asante, shi maigidanka zai haɗa ka da shi ya shige maka gaba a asibiti. Shi zai karanta maka takarda, shi zai ce wannan sha biyu da safe, wannan bar shi. To a kan wannan mutum nake so mu tsaya yau. Mun saba jin tramol ya kama 'yan acaba da 'yan dako da samarin bakin tasha. Ba mu saba jin cewa mai farar riga ma yana kamuwa ba. Yana kamuwa kuwa, kuma nasa ya fi ɓuya.

Bari in ba ku labarin wani yaro da na sani tun yana rarrafe. Ya yarda in faɗa muddin ban kama suna ba, kuma asibitin da abin ya faru ba a cikin Kumasi yake ba, kada wani ya fara lissafi. Ubansa dillalin shanu ne. Bijimai uku ya sayar ya kai shi makarantar koyon aikin jinya. Ranar da yaron ya gama, har sadaka aka yi a ƙofar gida. Ya kama aiki, ya yi aure, komai lafiya. Sai wata rana ya faɗi a kan babur ya bugu a baya. Ba karaya, amma ciwo ya ƙi barinsa, ga aikin dare, ga majinyata cike da ɗaki, ga ba wanda zai canje shi. Wani abokin aikinsa ya tausaya masa ya yi masa allurar fetidin guda ɗaya don ya iya kai safiya. Ya ce mini, Baba, ba ciwon bayan kawai ta ɗauke ba, har gajiyar da damuwar da bashin da ake bina, duk sai na ji sun tafi. Bayan kwana uku shi ya yi wa kansa ta biyu.

Fetidin ɗin nan ba ƙwayar bakin titi ba ce. Maganin asibiti ne na gaske, dangin mofin, wanda aka fito da shi a Jamus a 1939. Ana yi wa mai naƙuda, da wanda ya fito daga tiyata, da mai sikila in ciwon ƙashi ya taso. Aikinta a jiki gajere ne, awa biyu zuwa huɗu ta sake ka. Wannan gajartar ita ce tarkon, domin wanda ya saba da ita sai ya riƙa komawa sau da yawa a yini. Jiki kuma yana da wata ɗabi'a game da duk magungunan wannan gida, fetidin ne ko mofin ko kodin ko tramol ko fenta da aka fi sani a Najeriya. Abin da ya ishe ka a watan farko ba zai ishe ka a wata na uku ba, sai ka ƙara. In kuma ka tsaya, cikin 'yan awoyi sai hamma, sai hawaye da majina, sai zufa da sanyi a lokaci guda, sai ciwon gaɓoɓi, sai murɗar ciki da gudawa, barci ya ƙaurace. Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani. A wannan mataki mutum ba daɗi yake nema ba, so yake kawai ya iya miƙewa ya tafi aiki kamar kowa.

Hausawa na cewa sabo turken wawa. To wannan turke bai san wawa ba, bai san mai ilimi ba. Ilimin ma wani lokaci shi ke ja wa mutum. Ɗan acaba ya san bai san komai game da ƙwayar da yake haɗiya ba. Shi kuwa ma'aikacin asibiti cewa yake yi, ai na san awonta, na san inda zan tsaya. Ga shi maganin yana gabansa kullum, makullin akwatin yana aljihunsa, allura ba ta ba shi tsoro. Ku ƙara da cewa wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya saba a zo wurinsa neman magani, da wuya ya je ya zauna a benci ya ce ni ma ba ni da lafiya, balle a gaban abokan aikinsa, balle kuma a kan abin da zai iya raba shi da lasisinsa.

Kada wani ya ce lalacewar zamani ce ko ta baƙar fata. A Amurka an yi wani likitan tiyata, William Halsted, wanda har yau ake kira ɗaya daga cikin iyayen tiyatar zamani. Shi ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata. A 1884 ya fara gwada hodar ibilis a jikinsa don ya ga yadda take kashe zafi, ta kama shi. Aka kai shi jinya, aka ba shi mofin don a raba shi da ita, mofin ɗin ma ya kama shi. Ya zama babban likitan tiyata na asibitin Johns Hopkins, ya rasu a 1922, kuma sai a 1969 aka buɗe rubutun wani abokin aikinsa duniya ta san bai rabu da mofin ba duk da girman da ya samu. Masu bincike a can sun daɗe suna ƙiyasta cewa ma'aikacin lafiya ɗaya cikin goma, ko ɗan fiye, zai yi fama da giya ko ƙwaya a wani lokaci na rayuwarsa. Wannan bai fi na sauran jama'a ba sosai. Bambancin shi ne irin abin da suke kamuwa da shi, wato maganin da ke hannunsu.

Yanzu wani a ruga zai ce, to ni ina ruwana, can su ƙarata. Ruwanka na nan, Arɗo, saurara.

Irin waɗannan magunguna a asibiti a kulle suke, da littafinsu. Kowace 'yar kwalba aka fasa sai an rubuta sunan majinyaci da lokaci da wanda ya yi allurar. Wanda ya kamu kuwa dole ya samu, kuma littafi dole ya daidaita. To daga ina za ta fito? Daga rabon majinyaci. A rubuta an yi maka cikakkiya, a yi maka rabi. Ko a rubuta an yi maka, alhali ruwa aka zuƙa aka tsira maka. Yaron da nake ba ku labari ya ce abin da ke hana shi barci har yau shi ne wani makiyayi da sa ya tunkuya ya karya masa cinya. Likita ya rubuta masa allura, shi kuma ya yi masa ruwa ya ajiye ta gaskiyar a aljihu. Mutumin ya kwana yana nishi yana cije haƙori, don kun san Bafulatani da kunyar kuka. Da asuba har godiya ya yi masa, ya ce sannu da ɗawainiya, Dokta. Ya ce wannan godiyar ta fi masa zagi ciwo.

Abin yana iya wuce ciwo ma. A Amurka dai, a 2012 aka kama wani ma'aikacin asibiti mai suna David Kwiatkowski. Yana ɗauke sirinjin da aka cika da maganin kashe zafi don majinyaci, ya yi wa kansa, ya mayar da ruwan gishiri a cikin sirinjin nan da ya riga ya shiga jikinsa. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, ya shafa wa mutum fiye da 40. Ya yi aiki a asibitoci da yawa a jihohi daban-daban, an kama shi a wasu, amma sai a sallame shi shiru ya tafi gaba. A 2013 aka yanke masa shekara 39. Ku lura da wannan sallama ta shiru, zan dawo kanta.

Saboda haka in kana jinyar ɗan'uwanka, aka ce an yi masa allurar kashe zafi, aka yi rabin awa zuwa awa guda ba ko alamar sauƙi, kuma hakan na faruwa a hannun mutum ɗaya kullum amma in wani ya yi sai ya samu barci, ka faɗa wa babbar nas ta ɗakin ko likita. Ba sai ka ce wane ɓarawo ne ba, don wani ciwon ya fi ƙarfin allurar, kuma zato zunubi ne. Ka faɗi abin da ka gani kawai. Haka in za a yi maka allura a kemis ko a gida, ka ga an yage sabon sirinji a gabanka, ka ga an fasa kwalbar a gabanka. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ruwanku na biyu, ku fatake da direbobi, ya fi wannan nauyi. A gidan su yaron nan, da asibiti ya fara tsananta lissafi allura ta yi wuya, sai ya koma tramol. Wa ya riƙa kawo masa? Direban da ke ɗauko wa ubansa shanu. Ya ce masa, Oga, in ka biyo ta boda ka taho mini da kwali biyu, na marasa lafiya ne. Direba ya ga ai Dokta ne, ya fi shi sanin magani, ya ɗauko, har yana ganin lada yake samu. To ku ji da kyau. A Gana tramol da hukumar abinci da magunguna ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma sai da takardar likita. Likita ba ya wuce 400 a yini gaba ɗaya, don in ya wuce haka yana kawo farfaɗiya. Wanda ke yawo a kasuwannin boda kuwa mai 120 ne, da 200, da 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Ba asibitin da ke sayen maganinsa ta hannun direban shanu. Duk wanda ya ce ka shigo masa da irin wannan a ƙarƙashin buhun albasa, ko da farar riga goma ya sa, ko dai sha yake yi ko sayarwa.

A 2018 gwamnatin Gana ta hana maganin tari mai kodin ta kuma ƙuntata shigo da tramol. A shekarar ce Najeriya ma ta hana na kodin, bayan binciken da BBC ta yi wanda ya nuna har da wasu ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da shi ta bayan fage. Indiya, inda mafi yawan ƙwayar ke fitowa, ita ma ta sa tramol cikin jerin magungunan da ake tsare su a 2018. Sai masu sana'ar suka sauya riga. A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake fito da wani bincike a kan wani kamfani na Mumbai mai suna Aveo, wanda ke haɗa tafentadol da wani maganin sakin tsoka, karisofrodol, yana turowa Gana da Najeriya da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Haɗin nan ba ƙasar da ta ba shi lasisi, kuma yana iya tsayar da numfashi. Bayan binciken Indiya ta hana yin sa. Jar ƙwayar da samari a nan ke kira Red daga irin wannan gida take. Kwali dai kamar na tramol, amma abin da ke ciki ya fi shi ƙarfi, kuma ko wanda ya yi karatun magani ba zai gane abin da aka zuba ba da ido.

Af, kafin in manta, ku makiyaya. Na san wasu na ba shanun huɗa da jakuna wannan ƙwaya don su jure aiki. A arewacin Kamaru abin ya yi yawa har a 2013 wasu masana suka ce sun gano tramol a saiwar tafashiya, suka ɗauka itacen ne ke yin sa. A 2014 wasu masana daga Jamus suka nuna fitsari da kashin shanun da aka ɗura wa ƙwaya ne ya jiƙa ƙasar. To dabbar da ba ta jin gajiya ba ta daina gajiya ba ne, kuma yaron da aka aika ya sayo wa sa, watarana zai ɗanɗana.

Mu koma gida. Uwar yaron ce ta fara ganewa, ta tsinci fasassun kwalabe a cikin gwangwanin Milo a bayan akwati. Alamu sun daɗe a fili, ba wanda ya haɗa su. Ya koma sa doguwar riga ko ana zafi. Ya riƙa neman aikin dare da kansa, ranar hutunsa ma sai ya leƙa asibiti. Ya daɗe a banɗaki, ya shiga a jigace ya fito garau. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Yana zance yana gyangyaɗi. Da ta gane, me aka yi? Abin da mu mutanen zango muka iya, rufin asiri. Aka kai shi wurin malam aka yi rubutu, aka sa ya dafa Alƙur'ani. Uban ya biya kuɗin maganin da ya ɓace. Aka yi magana da wani babba, aka yi masa canjin wurin aiki shiru, ya tafi wani ƙaramin asibiti a ƙauye inda ba mai duba littafi sai shi. Kun ga sallamar shirun da na ce zan dawo kanta. A ganina wannan shi ne kuskure mafi girma a labarin, ya fi allurar farko. Ba na raina addu'a, ni ma na yi masa. Amma an ɗauki mai ƙishi an ba shi gadin rijiya. Bayan wata bakwai aka fasa ƙofar banɗaki aka same shi a ƙasa, leɓe ya yi shuɗi.

In kun taɓa samun mutum haka, ga yadda za ku gane: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya yi ƙasa sosai ko yana wani irin munshari, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, zai shaƙe. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. A Gana lambar gaggawa 112 ce, in kuma aboboya ce a kusa a sa shi a ciki. Akwai allura mai suna nalokzon da ke karya ƙarfin waɗannan magunguna cikin 'yan mintoci, ku gaya wa ma'aikatan abin da kuke zaton ya sha, kada kunya ta sa ku ce aljanu ne. Ita ce ta dawo da yaron nan.

Daga nan ne uban ya haƙura ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma inda za a je akwai shi. A nan Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda tsofaffi ke kira Jii, yana da sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye. A kudu akwai Pantang kusa da Akra da Ankaful kusa da Cape Coast, dukansu suna kwantar da masu neman rabuwa da ƙwaya. Abin takaici, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar duk a kudu suke, na Bawku ko Hamile sai ya yi doguwar tafiya, amma asibitocin gunduma da yawa suna da nas mai kula da wannan fanni, a fara da shi. Kuma a daina tsoron kalmar asibitin mahaukata, ba hauka ake kai mutum a yi wa magani ba. Ana rage masa ne a hankali, a ba shi abin da zai sassauta murɗar ciki da rashin barci, sannan a zauna da shi watanni, don makon farko ba shi ne mai wuya ba, komawa cikin mutane ne.

Doka ma ta ɗan sauya. Dokar hukumar hana miyagun ƙwayoyi ta 2020, mai lamba 1019, ta maye gurbin ta 1990, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ya zama tara maimakon shekaru a kurkuku, ta kuma ɗauki kamu a matsayin ciwo. Amma direba, wannan sassauci ba naka ba ne. Mai ɗauke da kwalaye mai fatauci ne a idon doka, shekaru zai yi, mota da kaya su tafi, kuma wanda ya aike ka ba zai zo kotu ya ce nasa ne ba.

Wani zai tambaya, to wanda ya kamu yana komawa aiki kuwa? A Amurka suna da tsari na musamman ga likitoci: a cire mutum daga aiki, a yi masa jinya, a dawo da shi ana gwada fitsarinsa ba sanarwa har shekara biyar. Wani bincike da aka buga a 2008 ya bi likitoci 904 da suka shiga wannan tsari, bayan shekara biyar kusan kashi 78 cikin 100 na waɗanda aka san makomarsu suna riƙe da lasisinsu suna aiki. Ina ganin irin wannan ya kamata majalisar kula da nas-nas da ungozomomi da ta likitoci su tsaya a kai a ƙasashenmu, domin muddin kora ce kawai ke jiran wanda ya yi magana, ba wanda zai yi magana, abokan aikinsa ma za su ci gaba da rufe shi. Amma sharaɗin shi ne a karɓe makullin tukuna. Tausayinsa bai kai haƙƙin wanda ke kwance da karyayyar cinya ba.

Yaronmu ya yi wata uku a kwance, ya fito, ya koma sau ɗaya, aka sake mayar da shi. Yanzu shekara biyu ke nan bai taɓa ba. Yana aiki a ofishin ajiye katunan majinyata, shi da kansa ya roƙa kada a mayar da shi ɗakin da ake ajiye allura. Albashin bai kai na da ba, kuma a unguwa wasu sun daina kiransa Dokta. Direban kuwa har yanzu yana ɗauko shanu, amma ya ce ko farasitamol aka ba shi saƙo sai ya buɗe kwalin ya karanta lambar da ke jiki.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Wanda ke da tambaya ya aiko ta ofishin tasha, ba sai ya sa suna ba, za mu kai wa ma'aikacin lafiya ya amsa a shiri na gaba. Na kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Na ruga, a gaida gida da dabbobi. Wassalamu alaikum.